Bangon da ke bayan tukunya: yadda wani gida a Garwa ya zaɓi tayil ɗin kicin

Gidan yana cikin tsofaffin unguwannin Garwa, a arewacin Kamaru, ba nisa da babbar kasuwa. Ginin bulo da siminti ne, ya haura shekara 20. Maigidan ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda. Uwargidan kuwa, ban da girkin gida na mutum goma sha wani abu, tana karɓar aikin abincin biki da suna: waina, ƙosai, soyayyen kifi, dambun nama. Kamar yawancin gidajenmu, madafa biyu ce. Akwai ta tsakar gida mai murhun itace da gawayi, inda ake tuƙa tuwo da ɗora babbar tukunya, akwai kuma kicin na ciki mai gas, wanda a shekarun baya shayi da ɗumame kawai ake yi a cikinsa, amma yanzu kusan duk suya ta koma can, saboda tsadar itace da kuma hayaƙin da ya fara damun idon Hajiya.

Bangon da ake magana a kansa ɗan fili ne: tsakanin kantar siminti da ake yanke-yanke a kanta da kabad ɗin sama, mita 5 a kwance, santimita 60 a tsaye. Fentin mai aka shafa masa tun ginin farko, ana sabuntawa duk gabanin Sallah. A bayan gas fentin ya yi baƙi, ya kumbura, yana ɓarewa, in ka taɓa sai yatsa ya manne. Ta wajen famfo kuma danshi ya shige ƙarƙashinsa, filasta ta fara zuba. Taga ɗaya ce a ɗakin, tana kallon arewa, rumfar tsakar gida ta kuma tare rabin haskenta.

Aikina kula da ƙarashen gini ne, wato filasta da tayil da fenti da famfo. An kira ni ne in auna in faɗi kwali nawa za a saya. Sai na tarar ba a ma kai maganar kwali ba, domin mutum uku ne a gidan, kowa da irin bangon da ke ransa.

Alhaji mabul yake so. Hujjarsa ba ta banza ba ce. A kan hanyar Marwa, cikin gundumar Mayo-Luti, akwai garuruwan Figil da Bidzar, ƙasar farin dutse, inda masana'antar siminti take, inda kuma ake fasa mabul.  Ya ce dutse ne na ƙasarmu, ya gan shi a gidajen manya, ba ya tsufa, don me za a je neman kayan waje? Babbar 'yarsu, wadda ke karatu a jami'ar Gaundare, ta zo da hoto a waya daga Instagram: ƙananan tayil baƙaƙe masu walƙiya, kowanne bai fi kan babban yatsa ba, da farin layi a tsakaninsu. Hajiya ta saurari kowa, sannan ta ce da ni: "Malam, ni dai abin da zan goge da tsumma ɗaya in wuce shi nake so. Sauran kuma ku ƙarata can."

Kafin in ce uffan kan kowane dutse, na roƙi Hajiya ta lissafa mini abin da ake dafawa a ɗakin cikin mako guda, da wanda ke wanke bangon, da abin da ake wankewa da shi. Wannan tambayar ita ce ginshiƙin aikin baki ɗaya, kuma abin takaici ne yadda ba a cika yin ta ba. Mai shago zai tambaye ka mita nawa, mai ɗaurawa zai tambaye ka yaushe za a fara, babu mai tambayar me za ki soya a gaban bangon.

Ga abin da ta faɗa. Suya kusan kullum, da man gyaɗa ko man auduga Diamaor na kamfanin Sodecoton, wanda nan Garwa hedikwatarsa take. Manja a miya, da kuma lokacin da ake soya shi har ya yi hayaƙi. Kifin tafkin Lagdo, karfasa da giwan ruwa, ana wanke shi da lemun tsami a bakin famfo, ana soyawa yana fantsama. Miyar yakuwa, wadda a wannan yanki da wuya mako ya fita ba a yi ta ba. Ruwan tsamiya na kunu. Markaɗen tumatir da tattasai da ke tafasa yana tsartuwa. Kori da kurkum a shinkafar biki. Masu wanki kuma yara mata biyu ne, kayan aikinsu garin sabulu, soson ƙarfe, wani lokaci ruwan jabel, wato bilic na faranta tufafi.

Duk wanda ya duba wannan jeri zai ga abu uku: maiƙo mai launi, tsami, da hannu mai ƙarfi wajen gurza.

Gwajin manja da tsami

Ban so in yi musu da Alhaji da baki ba, tunda gani ya kori ji. Muka samo gutsuren farin mabul gogagge, da takardar ƙananan baƙaƙen nan guda ɗaya, da tayil ɗin bango mai ƙyalli kala uku, da ɗaya na tangaran irin wanda ake shimfiɗawa a daɓen ɗaki. Ƙananan muka manna a jikin katako muka cike layinsu da farin siminti kamar yadda za a yi a bango. A kan kowanne muka ɗiga manja, ruwan yakuwa, lemun tsami da kori da aka dama da mai, muka bar su suka kwana. Da safe ɗaya daga cikin yaran ta wanke su yadda ta saba wanke bango.

Mabul ɗin shi ya fi shan wahala. Inda lemun tsami da yakuwa suka zauna, ƙyallin ya mutu, wurin ya yi dishi-dishi, in ka shafa za ka ji ɗan kaushi. Wannan ba datti ba ne da sabulu zai fitar. Mabul ɗan'uwan farar ƙasa ne, sinadarinsu ɗaya da dutsen da ake ƙonawa a yi siminti, kuma duk abu mai tsami narkar da fuskarsa yake yi. Shi ya sa ma ba a wanke shi da ruwan kal. Manjan da korin kuma suka shige cikin ƙananan ƙofofin dutsen, suka bar tabo ruwan ɗorawa da ya ƙi fita. Akwai man da ake shafa wa mabul ya toshe ƙofofin nan, yana rage shan maiƙo, amma ba ya hana tsami ci, sannan dole a riƙa sabunta shi. Alhaji ya juya gutsuren a hannunsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce to, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, shi ba zai saya wa kicin ba. Muka tsayar cewa in ana son mabul ɗin a gidan, bakin tagar falo ya fi dacewa da shi, can aka kai shi daga baya, kuma ya yi kyau ƙwarai.

Ƙananan baƙaƙen su kansu ba abin da ya same su, gilas ne, ya goge tas. Farin layin ne ya koma ja da rawaya. Da yarinyar ta sa soson ƙarfe don ta fitar, sai ta ƙwaƙule simintin ta kuma karce fuskar gilas ɗin.

Masu ƙyallin nan uku da na tangaran kuwa tsumma da ɗan sabulu suka ishe su.

Akwai wasu abubuwa da aka ambata muka wuce su da sauri. Ledar nan mai gam a baya da ake mannawa kamar tayil, da allon roba, ba su da wuri kusa da wuta: zafi na sa su lanƙwashe, gam ya saki, ga zafin garin kansa da ke haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Gilas faffaɗa guda ɗaya yana da daɗin goga, sai dai a bayan gas tilas ya zama gasasshe mai jure zafi, irinsa kuma ba ya yankuwa bayan an gasa, sai an aika da awo har da ramin soket an yi shi a nesa, a kuma yi addu'a ya iso lafiya. Farantin ƙarfe mara tsatsa ba ya tsoron wuta ko maiƙo, amma soson ƙarfe zai karce shi tun makon farko, Hajiya kuma ta ce ɗakinta ba gidan abinci ba ne. Dutsen giranit ya fi mabul jure tsami nesa ba kusa ba, sai dai nauyi da tsada sun yi yawa ga ɗan wannan bango.

Saura tayil iri biyu, kuma a nan mutane da yawa ke kashe kuɗin da bai zama dole ba. Na tangaran ana gasa shi a zafin da ya kai kusan digiri 1,200, jikinsa ya haɗe, ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa ba. Na bango na gama-gari kuwa bayansa yana shan ruwa fiye da kashi 10 cikin 100, fuskarsa ce kawai aka lulluɓe da ƙyalli mai kama da gilas. Mai shago zai ce maka na tangaran ya fi ƙarfi, gaskiya ya faɗa. To amma ƙarfin na taka ƙafa ne da jan kujera. Bango ba a taka shi, maiƙo kuma fuska yake taɓawa, ba baya ba. Ƙari a kan haka, da yake na tangaran ba ya shan ruwa, ba ya kama kwaɓin siminti da yashi da yawancin masu aikinmu suka saba da shi, sai da simintin gam na musamman, in ba haka ba wata rana a ji shi ya faɗo. Yana kuma da wuyar yanka da hudawa. Muka tsaya kan na bango mai ƙyalli.

Lissafin layi

Abin da gwajin ya nuna, wanda kuma na fi so mai karatu ya riƙe, shi ne a kicin ɗin da ake suya ba tayil ne ke tsufa ba, layin da ke tsakaninsu ne. Simintin cike layi yana da ƙofofi, yana shan mai, yana riƙe launi, kuma yana ɗan nitsewa ƙasa da fuskar tayil ta yadda tsumma ke tsallake shi. Saboda haka girman tayil ba maganar ado kaɗai ba ce, maganar yawan wanki ce.

Na zauna da 'yar gidan muka yi lissafin a takarda, tunda ɗaliba ce. Tayil mai santimita 30 da 60 yana ba da layi kusan mita 5 a kowace murabba'in mita. Mai 10 da 20, wanda ake jerawa kamar bulo, mita 15. Mai 10 da 10, mita 20. Irin nata mai santimita 2 da rabi, kusan mita 80. Bangon gaba ɗaya, da ƙarin da za mu yi a bayan gas da gefen taga, ya kama murabba'in mita 4.4. Ke nan da babban tayil layin da yaran za su riƙa wankewa mita 22 ne, da ƙananan kuwa ya haura mita 300. Ta dubi takardar ta ce: "Baba, ashe ƙannena zan ɗora wa aiki ni ina makaranta." Ban ƙara komai a kai ba.

Wani amfani na 30 da 60: tsayin filin santimita 60 ne, don haka jeri biyu a kwance suka cika shi cif, layi ɗaya tak a tsakiya, babu yanka sai a kusurwa da wajen soket. A bayan gas muka ɗaga shi sama da ƙarin santimita 90, faɗin tayil biyu, domin tururin mai ba ya tsayawa a santimita 60. Duk wanda ya duba tsohon fentin zai ga inda baƙin ya kai, shi ne ma'aunin da muka bi.

Kala

A nan aka fi daɗewa, kuma ya cancanta. Hajiya da farko fari tas ta nuna, don tana son ta ga datti ta goge. Fari yana da hujja babba a ɗaki mai taga ɗaya, musamman a garin da wuta ke yawan ɗaukewa lokacin rani, a koma girki da fitilar caji. Bango mai haske yana mayar da ɗan hasken da ke akwai kan tukunya, baƙi kuwa shanye shi yake yi. Amma fari tas yana jan farin layi, farin layi kuma mun riga mun ga ƙarshensa. In aka sa masa layi mai duhu sai bangon ya zama kamar takardar lissafi, duk ɗan karkacewar aiki ya fito fili.

Baƙi da shuɗi mai duhu suna ɓoye manja, gaskiya ne, sai dai ba manja ne kaɗai dattin Garwa ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu fara-fara ce, tana shigowa ko an rufe taga, tana sauka a kan siririn maiƙon da ke bango ta manne. A kan baƙi mai walƙiya wannan ƙura tana bayyana cikin yini ɗaya. Haka ɗigon ruwan famfo in ya bushe, da sawun tsumma, da sawun yatsa.

Muka jingina samfura uku a bayan kantar na wasu kwanaki: fari, ruwan toka mai haske, da ruwan madara mai ɗan ratsin ƙasa-ƙasa. Na dage a kan a duba su a cikin ɗakin, da safe da la'asar da kuma dare, domin hasken shago yaudara ne. Shaguna suna kunna fararen ƙwayaye masu ƙarfi, tayil ya yi ta sheƙi. A gida kuwa ƙwan kicin ɗin irin farin nan ne mai ɗan shuɗi, wanda ake rubuta 6500K a kwalinsa, a ƙarƙashinsa ruwan tokan ya yi sanyi, ɗakin ya yi fayau ba armashi, har abinci ya daina ban sha'awa a ido. Da aka sauya ƙwan zuwa mai 4000K, ruwan madarar ya fito da ɗumi, ya kuma dace da kabad ɗin katako da ke sama da jan tayil ɗin ƙasa da ba za a taɓa ba. Wannan ma abin lura ne: bangon shi ne baƙo a ɗakin, ƙasa da kabad sun riga shi, shi ya kamata ya bi su.

Ruwan madarar muka ɗauka. Ratsin da ke jikinsa ƙarami ne, sai an matso ake gani, amma yana da aiki: ɗigo ɗaya ko biyu na miya ba sa tsone ido kafin a gama girki a goge. Ƙyallinsa kuma matsakaici muka ɗauka, ba mai walƙiya kamar madubi ba, ba kuma mai kaushi ba. Ina gargaɗi sosai game da masu kaushi da masu tudu da kwari da ke kwaikwayon dutse ko katako. Suna da kyau a bangon falo, a bayan kaskon suya kuwa kowane kwari ma'ajiyar maiƙo ne.

Layin muka zaɓa masa ruwan ƙasa mai ɗan duhu fiye da tayil ɗin, kusan kalar da farin layi zai koma da kansa bayan shekara. An yi maganar ifoksi, wani irin gam na cike layi wanda ba ya shan mai ko kaɗan. Shi ne mafi inganci, ba musu, amma ya ninka na siminti tsada sau da yawa, yana daskarewa da sauri a zafi, kuma in mai aiki bai saba da shi ba zai bar shi ya bushe a fuskar tayil ya ɓata aikin duka. Mai aikinmu ya faɗi gaskiya cewa bai taɓa yi ba, na kuwa girmama shi a kan haka. Muka ɗauki na siminti mai kyau wanda aka rubuta a buhunsa cewa yana tare ruwa.

'Yar gidan ba ta tashi a banza ba. A bangon da ke nesa da wuta da famfo, inda ake ajiye filas da kofunan shayi, aka saka mata siririn ɗamara na ƙananan tayil ɗin gilas, kore mai duhu, faɗin santimita 10. A can babu mai fantsama.

Saye da ɗaurawa

Tayil ɗin da ke kasuwar Garwa tafiya mai nisa yake yi. Wani daga tashar jirgin ruwa ta Duwala, ya hau jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Gaundare, inda ƙarshen layin dogo yake tun 1974, sannan ya gangaro dutsen nan mai kwana-kwana ya yi kusan kilomita 280 a kan titi. Wani kuma ta iyakar Najeriya yake shigowa. Wannan na nufin abu biyu ga mai saye. Na farko, fashewa da gutsurewar kusurwa ba baƙon abu ba ne, a buɗe kowane kwali a shago. Na biyu, in kaya suka ƙare ba lallai irinsu su sake zuwa ba, ko sun zo ba lallai kalar ta yi daidai ba. A jikin kwali akwai lambar gashi, wato ta rukunin da aka gasa tare, da lambar girma. Kwali biyu masu suna ɗaya da lambar gashi daban suna iya bambanta a launi, bambancin da ba a gani a shago sai an jera su a bango. Mun ajiye kwali ɗaya a gefe saboda haka, mai shagon ya sauya mana ba gardama.

Kwalin guda 8 ne a ciki, murabba'in mita 1.44. Bango 4.4, da ƙarin kashi 15 cikin 100 na yanka da fashewa, ya tashi kusan 5. Kwali uku ba za su isa ba, aka ɗauki huɗu, ragowar aka ɗaure aka sa a ɗakin ajiya.

Aikin da ya fi cin lokaci ba a ganinsa yanzu. Tayil ba ya kama fentin mai, balle wanda ya sha maiƙon shekaru. Aka kankare fentin kaf, aka sassare filastar da ta rube wajen famfo, aka gano ɗigar ruwa a mahaɗin bututu aka gyara, aka yi sabuwar filasta. Babban tayil ba ya yafe wa karkataccen bango, don haka muka bi shi da miƙaƙƙen ƙarfe mai mita 2, ba mu yarda da ramin da ya wuce milimita 5 ba. Alhaji ya so a ɗaura washegari, na roƙe shi a bar filastar ta sha ruwa ta bushe na wasu makonni, domin sabuwar filasta tana ɗan tsukewa, in aka rufe ta da wuri tayil ne zai biya. A wannan tsakanin mai wuta ya matsar da soket ɗin da ke daf da gas zuwa gefe, nesa da wuta da ruwa.

Ɗaurawar ta faɗo a Afrilu, tsakiyar zafi. Simintin gam yawanci an rubuta a buhunsa kada a yi aiki da shi a zafin da ya wuce digiri 35, kuma bayan an shafa a bango minti 20 zuwa 30 gare shi kafin fuskarsa ta bushe. A Garwa ta Afrilu lokacin bai kai haka ba. Saboda haka ake farawa bayan sallar asuba a tashi kafin hantsi ya yi nisa, ana kwaɓa kaɗan-kaɗan, ana shafa na tayil biyu kawai a lokaci guda. Abu ɗaya na hana mai aikin ƙememe: ɗora dunƙule biyar na siminti a bayan tayil a manna. Yana da sauri, amma yana barin rami a baya, ramin nan kuwa gidan kyankyasai ne a kicin, ga shi in tukunya ta bugi wurin sai ya fashe. Da cokalin gini mai haƙora aka shafa, a bango da kuma bayan tayil ɗin. An bar layi milimita 2 da 'yan robobin tsakani. Mai aikin ya so ya haɗe su ba layi don Hajiya ta huta, amma tayil na buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, in babu wurin motsi sai ya tunkuɗi ɗan'uwansa. Inda bango ya haɗu da kanta kuma silikon, wani gam mai laushi kamar roba, aka sa maimakon siminti, don can ne ake fara tsagewa ruwa ya shige.

Bayan Layya da hunturu

Babbar Sallah ce jarrabawar farko, kwana da kwanaki ana suyar nama. Na koma gidan bayan ta wuce, na sake komawa a ƙarshen hunturu. Fuskar tayil ɗin tana nan yadda aka ɗaura ta. Yaran sun daina amfani da soson ƙarfe a bango, ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da soso mai laushi suke sawa da dare bayan an gama girki, tun maiƙon bai daskare ba. Ƙura ba ta nunawa sai an shafa hannu. Ɗakin ya fi da haske, Hajiya ta ce ko da fitilar caji tana ganin launin miyarta.

Ba komai ne ya tafi yadda aka so ba. Layin da ke daidai bayan kaskon suya, kimanin mita ɗaya, ya fi sauran duhu, duk da launin da muka zaɓa. Ba ya muni, amma mai lura zai gani. Silikon ɗin bayan famfo ya fara ɗige-ɗigen baƙi tun damina, saboda ruwa na kwanciya a wurin, kantar ba ta da gangare. Sama da inda tayil ya tsaya a bayan gas kuma, fentin silin ya fara rawaya, domin ɗakin ba shi da mafitar hayaƙi, tayil kuwa ba ya fitar da tururi, tare shi kawai yake yi.

Abin da aka tsayar yanzu shi ne a ƙwaƙule layin mita ɗayan nan a cike shi da ifoksi, tunda ɗan kaɗan ne kuma an samu wanda ya iya. Za a yanke silikon ɗin a sa sabo mai maganin fumfuna. Za a kuma huda bango sama da gas a saka ƙaramar fankar fitar da hayaƙi kafin azumi, lokacin da suyar ƙosai ke ninkawa. Tayil shida da suka rage suna ɗakin ajiya, Hajiya ta ce a manna mata huɗu a jikin bangon madafar waje, daidai inda take ajiye kaskon waina.